Da ƙafa ɗaya na sauka kan jirgin da ya nutse a Bahar Maliya

Tun ina yaro ƙafafuna ne abin tinƙahona. Ba ni da wani ƙoƙari a aji, ba ni da baki a cikin mutane, amma in aka ce gudu ko ƙwallo, to nan ake nemana. Da na girma ma aikin da na samu na hawa da sauka ne: duba gine-gine nake yi, in hau bene in sauko, in wuni a tsaye ban ji a jikina ba. Iyo kuwa ban iya ba, ban kuma taɓa jin ina da buƙatar iyawa ba.

Ina da mata da yara biyu ƙanana lokacin da hatsarin mota ya rutsa da ni a hanyar dawowa daga aiki. Gutsattsarin abin kawai nake tunawa, sai dai na san na daɗe a matse cikin ƙarfe kafin a ciro ni. Ƙafar hagu ta murƙushe daga ƙwauri zuwa ƙasa. Likitoci sun yi iya yinsu, aka yi aiki aka sake, amma naman ya fara lalacewa. Ranar da babban likitan ya ja kujera ya zauna a bakin gadona, maimakon ya tsaya kamar yadda ya saba, na san abin da ke tafe da shi. Ni da yayana muka sa hannu a takardar. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Ban san cewa ƙafar da aka cire tana ci gaba da ciwo ba sai da ta kama ni. Cikin dare in ji yatsun da babu su suna murɗewa, tafin ƙafar yana zugi, in miƙa hannu in sosa in tarar da zanin gado. Daga baya likita ya ce mini yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna fama da haka, domin jijiyoyin da aka datse suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ba ta yarda gaɓar ta tafi ba. Wannan ciwon ina iya cije haƙora in jure shi. Wanda ya gagare ni shi ne hannun mutane. Duk inda na juya akwai hannu a miƙe: mai riƙe mini sanda, mai tallafe ni zuwa banɗaki, mai buɗe ƙofar da ban kai gare ta ba tukuna. Na san ƙauna ce, wallahi na sani. Amma kowane hannu sai ya tuna mini abin da na rasa, har na kai ga gwamma in haƙura da ƙishirwa da in ce a miƙo mini ruwa. Na daina fita, na daina ɗaukar waya. Yarana suka koyi yin shiru in sun zo wucewa ta ƙofar ɗakina, kuma wannan shirun nasu har yau in na tuna shi sai zuciyata ta yi nauyi.

Inna takan zo ta zauna kusa da ni, ta yi ta jan carbinta ba ta ce komai ba. Wata rana ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ƙafa Allah ya karɓa, ya bar maka sauran. Kai kuma na ga kana nema ka miƙa sauran da kanka." Ban ba ta amsa ba. Amma da Yaya ya sake kawo maganar zuwa Masar don a yi mini ƙafar roba mai kyau, tun da ta farko gurje mini dungulmin take yi, a wannan karon ban ce a'a ba.

A Alƙahira aka haɗa ni da wani likitan gashin ƙashi, mutum mai ƙarancin magana. Cikin abubuwan da ya tsara mini har da motsa jiki a wurin ninƙaya mai ruwan ɗumi. Aka zaunar da ni a baki, na sulale a hankali ina riƙe da ƙarfe, ruwan ya kai mini ƙirji, ya kai wuya. Sai ya ce in saki ƙarfen. Na saki, na tsaya a miƙe, babu sanda, babu kafaɗar kowa. Ya ce in ruwa ya kai wa mutum wuya, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwan ne yake ɗauka. Ni dai ban ji lissafin sosai ba a lokacin, hawaye ne suka cika mini ido, na tsoma fuskata a ruwa don kada ya gani.

Shi ne ya fara yi mini zancen nutso. Ashe in ya samu hutu kudancin Sina'i yake zuwa, ya goya tukunyar iska ya shiga teku. Ya ce ya sha ganin marasa ƙafa da masu shanyewar jiki a ƙarƙashin ruwa, kuma tun 1981 aka kafa ƙungiya a Amurka da ke horar da masu naƙasa wannan abu. Sharaɗin farko dai sai na iya iyo: kafin a ba mutum takardar shaidar matakin farko sai ya yi mita 200 ba tsayawa, ya kuma yi minti 10 a saman ruwa ba tare da ya riƙe komai ba. Na koma gida da wannan maganar a raina. Na nemi mai koyar da iyo, na shiga cikin yara ina shan ruwa ina tari, har jikina ya gane hanya.

Da na faɗa wa matata niyyata sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Baban yara, da ƙyar Allah ya dawo mana da kai daga titi, yanzu kuma teku za ka?" Tana da gaskiyarta, ita ta kwana a ƙasan siminti a asibiti, ita ta wanke ni. Ban matsa mata ba. Na nuna mata takardar tambayoyin lafiya da ake cikewa, wadda ke bincikar zuciya da huhu da kunne, da asma da farfaɗiya da ciwon suga, muka je wajen likita tare ya duba ni ya sa hannu. Ta yi kwanaki tana juya abin. Daga ƙarshe ta ce ta lura tun da na fara zuwa iyo nake cin abinci tare da yara, don haka in je, amma duk fitowa daga ruwa sai na kira ta.

Dungulmi yakan motse da lokaci, sai an sake gyara mazaunin ƙafar roba. Da na koma Masar don wannan gyaran, sai na wuce Sharm el-Shaik, wani gari a bakin Bahar Maliya a kudancin Sina'i, don koyon nutso.

Abu mafi wuya a ranar farko a kan tudu ya same ni. Dole in cire ƙafar robar a gaban baƙi, in jingine ta a gefe, in sa rigar nutso wadda aka naɗe mata ƙafa guda. Na zauna kaina a sunkuye ina jiran kallon nan da na sani. Da na ɗago sai na ga kowa ta kansa yake yi. Wani ƙaton saurayi mai ƙafa biyu lafiyayyu yana zaune, abokinsa na ɗaga masa tukunya ya zura hannu. Wata mata ta juya baya ana ja mata zif. Kowa yana da abokin nutso, kuma kafin a shiga ruwa sai sun duba juna: an buɗe iskar, bututun numfashi na biyu yana aiki, dalmar da ke ƙara wa mutum nauyi tana ɗaure, falmaran ɗin da ake hurawa yana riƙe iska. Malamina ya lura da inda idona yake. Ya ce, "Ɗan'uwa, a nan babu mai shiga da jikin da aka haife shi da shi kawai. Huhunmu na aro ne, idonmu na aro ne, ƙafafun ma na aro ne. Wanda ya ce ba ya son a taɓa shi, ba ma shiga ruwa da shi." Na daɗe ina ɗaukar miƙo hannu a matsayin alamar na gaza. A wannan wurin kuwa doka ce, ta hau kan ƙwararre ta hau kan sabon shiga. Wani ƙulli da ya daɗe a ƙirjina a ranar ya fara sassautawa.

Karatun ma ya yi mini amfani, domin ya ba kaina abin riƙewa. Na koyi cewa duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya: a mita 10 ninki biyu ne, a mita 30 ninki huɗu. Shi ya sa kunne ke zafi in ba a toshe hanci an hura a hankali ba tun daga farkon sauka. Shi ya sa kuma babbar doka ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, domin iskar da ka shaƙa a ƙasa tana kumbura in kana hawa, tana iya yaga huhu. Abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa kullum, kusan kashi 78 nitrojin, 21 oksijin, an matse ta zuwa bar 200, wato kusan ninki 200 na matsin iskar duniya. Nitrojin ɗin yana narkewa cikin jini da nama a ƙarƙashin matsi, in aka yi saurin hawa sai ya taso ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa, ya kama gaɓoɓi ko lakar baya. Don haka ake hawa sannu a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Jikina kuma yana da nasa darasin. Da takalmin iyo guda ɗaya, duk bugun da na yi sai in karkace gefe. Ga Bahar Maliya da gishiri, kusan giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne, saboda haka tana tura mutum sama, sai an ƙara dalma. Malamin ya yi ta sauya wa dalmar wuri a ƙuguna da bayana, ya samo mini safar hannu mai fata tsakanin yatsu, ya koya mini bugun da ke tasowa daga ƙugu. A hankali na daidaita.

Inda na kusa fasawa shi ne gwajin cire tabarau a ƙarƙashin ruwa. Ana so ka cire shi, ka ci gaba da numfashi ta baki, ka mayar, ka fitar da ruwan da iskar hanci. Ina cirewa ruwa ya bugi hancina, duhu ya rufe ni, sai na ji ni a cikin motar nan, a matse, ba numfashi. Jikina duka ya yunƙura zai yi sama. Malamin ya riƙe igiyar falmarana da hannu ɗaya, ya ɗora ɗayan a kafaɗata, bai saki ba har numfashina ya dawo. Da muka fito na ce masa ba zan iya ba. Ya ce ba yau za a gama ba, kuma babu mai jiranmu. Muka koma inda ruwa bai wuce ƙirji ba, muka yi ta maimaitawa, rabi-rabi, har ranar da na cire shi na ƙirga numfashina a natse na mayar. Tun hatsarin ban taɓa ba wa kowa labarin abin da na ji a cikin motar ba. A daren nan na kira matata na faɗa mata duka.

Bayan na karɓi takardar da ta ba ni izinin sauka har mita 18, aka kai mu Ras Muhammad, a can ƙarshen Sina'i inda mashigin Suez da na Aƙaba suka rabu. Tun 1983 Masar ta keɓe wurin, ba a ɗaukar komai, ba a taɓa komai. Ina ɗauka murjani dutse ne, ashe halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, kowanne yana gina gidansa na farar ƙasa a kan na magabatansa, wasu nau'in ma a shekara ba su fi santimita ɗaya ko biyu ba. Muka bi gefen wani bango da ya miƙe zuwa zurfin da ido ba ya kaiwa. Ƙananan kifaye ruwan lemo sun yi dandazo a jikinsa, wani kifi mai baki irin na aku yana gurgurar murjani har ina jin ƙarar haƙoransa, wata kififfiya ta wuce mu ba ta ko waiwayo ba. Na ga yadda ja ke ɓacewa tun daga 'yan mitoci, sai an haska fitila launin ya dawo.

Amma abin da ya fi tsaya mini daga wannan rana a jikina yake. Na samu daidaiton nan da masu nutso ke nema, inda ba ka nutsewa ba ka tasowa: in na ja numfashi in ɗaga kaɗan, in na saki in sauka kaɗan. Ina tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauran, ba wanda ya rage sauri saboda ni. Sai da muka hau jirgi na lura cewa tun shigarmu ƙafar da babu ba ta yi mini ciwo ba. Ba na cewa magani ne, domin da dare ta dawo. Amma na samu wurin da take yin shiru, kuma sanin akwai irin wannan wuri a duniya ya sauya yadda nake kwana da ita.

Thistlegorm kuwa sai a wata tafiyar, bayan na yi horon da ya kai ni mita 30. Jirgin dakon kaya ne na Birtaniya, an ƙera shi a Sunderland a 1940, tsawonsa ya haura mita 120. Ya taso daga Glasgow a 1941 da kayan yaƙi, ya zagayo ta kudancin Afirka zai je Iskandariya, aka tsayar da shi kusa da tudun murjani na Sha'ab Ali, a Bahar Maliya, yana jiran a buɗe masa hanyar Suez. A daren 6 ga Oktoba 1941 jiragen saman Jamus da suka taso daga tsibirin Kirit suka jefa masa bam, ya faɗa inda aka loda harsasai, jirgin ya tsage ya nutse, mutum tara suka mutu. Wani Bafaranshe mai binciken teku, Jacques Cousteau, ya gano shi a shekarun 1950, aka sake mantawa da shi har farkon shekarun 1990.

Tun kafin asuba muka bar gaɓa, tafiyar sa'o'i ce. Ruwan wurin yana da ja, don haka igiya ake bi a sauka, hannu bayan hannu. Da farko shuɗi kawai nake gani, sai wata inuwa ta fara fitowa, ta yi ta girma har ta cika mini ido. Muka bi ta wajen da bam ɗin ya faɗa, ƙarfe ya nannaɗe, kwanson harsasai a warwatse. Can gefe a kan yashi ga kan jirgin ƙasa guda, ɗaya daga cikin biyun da fashewar ta yi jifa da su daga saman jirgin. A baya ga bindigogin kakkaɓo jirage suna nan. Na tuna da mutanen nan tara da dare ya rutsa da su a nan, na yi shiru a raina, domin ni ma na san yadda rayuwa ke rabewa biyu cikin ƙiftawar ido.

A wannan zurfin na kusan mita 30 iska tana ƙarewa da sauri ninki huɗu, ni kuma ina fama da jan ruwa da ƙafa ɗaya da hannuwa. Na duba ma'auni na ga allurar ta sauka fiye da ta kowa. Ƙa'ida ita ce ka fito da bar 50 a tukunya, kuma kowane mai nutso yana da ikon ya ce a tashi a kowane lokaci ba tare da an tambaye shi dalili ba. Na ɗaga wa abokin nutsona babban yatsa sama, alamar mu hau. Ya mayar mini da alamar nan take, ya juya muka kama igiya, alhali shi yana da sauran iska mai yawa kuma daga nesa ya zo don wannan jirgi. Muka yi tsayuwar minti 3 ruwa yana kaɗa mu. A bakin tsani na miƙa dalma, na miƙa tukunya, na miƙa hannuna biyu aka ja ni sama, nauyin jikina ya dawo mini gaba ɗaya. Na ce na gode, suka ce ba komai, aka juya ga na bayana aka ja shi shi ma.

A nutso na biyu ruwan ya lafa, muka shiga rumbunan kaya. Motocin Bedford a jere, babura ƙirar BSA da Norton a bayansu, tayoyin har yanzu da zanensu, takalman roba, akwatunan bindigogi. Wasu motocin an ciccire musu sitiyari, masu nutso ne suka kwashe a shekarun baya don su kai gida. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Wuri ne da mutane suka rasa rayukansu, kuma abin da ya sa ya kai a zo a gani shi ne an bar shi yadda yake. Na harɗe hannuwana a ƙirji har muka fita, ina kula kada takalmina ya tayar da laka.

Yanzu na koma aiki. Yawancinsa a ofis nake yi, amma ina hawa bene da ƙafar roba in ta kama, in na gaji kuma in ce a riƙe mini jaka. Ciwon dare bai tafi ba, akwai lokutan da damuwar ma takan leƙo, sai dai yanzu ina faɗa wa matata ko Yaya tun ba ta yi nisa ba. Yarana duka sun iya iyo. Teku ba kullum nake samun zuwa ba, sai an yi tanadi, don haka wurin ninƙaya ne nake riƙe da shi duk mako.

Waɗanda aka yanke wa gaɓa sukan tambaye ni ta ina za su fara. Ina ce musu su fara da likita, a tabbatar dungulmin ya warke sarai, a duba zuciya da huhu, musamman wanda suga ko ciwon jijiyoyin jini ne ya ci masa ƙafa, domin nasa lamarin ya fi nawa buƙatar bincike. Sannan su nemi malami mai takardar shaida wanda ya taɓa koyar da mai irin jikinsu, su tambayi inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wanda ake sa mai nutso in nitrojin ya kama shi. Akwai shi a Sharm el-Shaik. Kada kuma su hau jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutso mai maimaici.

Inda nake so in je nan gaba shi ne Abu Nuhas, wani tudun murjani a bakin mashigin Suez da ya ci jirage da dama, daga Carnatic a 1869 har zuwa Giannis D a 1983. Can sau da yawa da ƙaramin kwalekwalen roba ake kai mutum, babu tsani, sai ka kama igiyar gefe ka yunƙura a ja ka ciki ta ƙirji. Malamina ya ce in ƙarfafa kafaɗu da damatsa kafin lokacin, shi ya sa na ƙara motsa jikin hannu a kan iyon da nake yi.